Kafin ka sayi tsohon injin lissafi mai hannu don gyarawa

Tun ran da na ɗora hoton injin lissafin Facit ɗin da na tsinto wajen 'yan gwangwan a nan Gombe mutane suke ta tambayata wai wanne ya kamata su saya in sun ci karo da irinsa, kuma wa zai gyara. To ga abin da na sani. Injinan nan su ne kalkuletar akawu na da, a ofisoshin En'e da kantunan Turawa da wajen awon auduga, babu batir babu wuta, hannu kawai ake juyawa. Kalkuleta mai batir ce ta kashe musu kasuwa wajen 1970 zuwa 1972, shi ya sa duk wanda ka gani yau ya ba shekara 50 baya.

In kai sabon shiga ne ka nemi Odhner ko Brunsviga. Asalinsu ɗaya, wani ɗan Suwidin mai suna Odhner ne ya ƙirƙiro tsarin a Rasha, sai Jamusawa suka sayi izini suka fara ƙera Brunsviga a 1892. Ciki faifai ne a jere, kowanne da 'yan haƙora tara masu fitowa su koma, in ka ja ɗan maƙunnin da ke jikin faifan zuwa 7 haƙora bakwai ne za su leƙo, ka juya hannu gaba ya tara, ka juya baya ya ɗebe. Daɗinsu shi ne kana cire murfi komai na gabanka kana gani, ƙarfe ne da tagulla masu kauri, ko mai gyaran keken ɗinki in yana da natsuwa zai gane kansu.

Facit kuwa ɗan Suwidin ne shi ma, faifan nan ne dai a cikinsa amma an sa masa maɓallai kamar na tafireta, ya fi daɗin aiki nesa ba kusa ba, sai dai fa cikinsa a cunkushe yake kamar motar kasuwa ran Laraba, kuma shi ne sarkin daskarewa. Nawa da na saya ko motsi ba ya yi, mai kayan ma a kilo ya so ya auna min shi. Da na buɗe babu abin da ya karye, tsohon mai ne ya bushe ya zama kamar ƙaro, ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta hau kai ta zama laka. Kwana tara ina ɗiga kananzir da sirinji ina goga da tsohon buroshin haƙori, a rana ta goma na taɓa maɓallin 4 na ji ƙas, wallahi sai da na kira maiɗakina ta zo ta gani, ta dube ni ta dubi tabarmarta da ta sha kananzir ta koma kicin abinta.

Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe in kana ciniki. Injin da ya daskare lafiyarsa ƙalau, wanda aka murɗa da ƙarfi shi ne matacce. In hannun yana juyawa sakaka babu nauyi kuma lambobi ba sa motsi, wani ya riga ya karya haƙori ko fil a ciki, kuma babu shagon da za ka je a Tsohuwar Kasuwa ko Wunti ta Bauchi ka ce a ba ka sifeya. Sai dai ka sayi wani mataccen irinsa ka riƙa cira. Ka leƙa ta ƙasa ma, tsatsa sama-sama ba komai, amma in damina ta ci sifirin ɗin har sun marmashe ka bar musu kayansu. In kuma yana juyawa, gwada shi nan take: a kan sifili ka ɗebe 1, ya kamata duk layin ya koma 9 ƙararrawa ta buga. Sannan ka sa 12345679 ka juya sau tara, in bai ba ka 111111111 ba akwai gidan da ba ya miƙa lamba.

Olivetti na Italiya, irin Summa Prima 20, yana buga lissafi a takarda, kyakkyawa ne kam, amma ga neman ribin ɗin tawada ga robar da ke jan takarda ta ƙeƙashe. Masu lantarki ban ba ka shawara ba sam, musamman na Amurka da aka yi wa wuta 110, ka soka a tamu ta 230 sai hayaƙi. Curta kuma, 'yar ƙaramar nan mai kama da gwangwanin yaji da aka ƙera a Liechtenstein daga 1948, in ka ganta da arha saya da gudu don a waje tana haura dala 1,000, amma kar ka kuskura ka kwance ta, ƙananan kaya kusan 600 ne a ciki.

Saura maganar wa za ka kai wa. Bakanike dai a'a, wani abokina ya kai nasa gareji aka antaya masa baƙin mai aka kama hannun da filaya, yanzu dutsen tokare ƙofa ne. Mai gyaran agogo yana da ido da haƙuri, ya dace da ƙananan sifirin, sai dai bai saba da ƙarfe mai nauyin kilo biyar ko shida ba. Mai keken ɗinki ya iya wanki da sa mai, ga shi man keken shi ne daidai, ɗigo-ɗigo ba wanka ba. Amma duk cikinsu babu kamar tsohon mai gyaran tafireta, don a da su ne ke zagaya ofisoshi suna duba tafireta da injin lissafi duka. Sun yi ƙaranci, ka tambayi masu buga takardu a bakin kotu ko sakatariya za su nuna maka. Wanda na samu dattijo ne, ya ɗaga injin ya kara a kunne ya ɗan girgiza, ya ce "yaro, WD-40 ka fesa masa ko?" Na ce a'a Baba, kananzir ne. Ya ce to Allah ya taimake ka, wancan man feshin yana sakin ƙarfe yau, bayan wata shida ya bar maka danƙo.

In za ka taɓa da kanka, ɗauki hoto da waya kafin ka cire kowane noti, ka zuba su a tiren ƙwai bi da bi, kuma kar kananzir ya taɓa lambobin, fentinsu na iya tashi.