Zuma a cikin silin: feshi ko mai amya?

Malam, ka ce ƙudan zuma sun tare a silin gidanka, kana tambaya ko a yi musu feshin magani ko a kira mai amya, wato mai kiwon zuma. Ka kira mai amya, ka ajiye zancen feshi. Tunda sati uku ke nan suna shige da fice ta rami a ƙarƙashin kwano, saitin ɗakin yara, ba 'yan wucewa ba ne, sun riga sun yi saƙa. Gungun da ke rataye a reshe ko a jikin katanga kamar tulu, shi ne mai tashi da kansa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Amma in ka tsaya nesa da hantsi ka ga suna komawa ramin da garin fure rawaya a manne a ƙafafunsu na baya, to 'ya'ya suke ciyarwa a ciki.

Feshi dai arha ne da shi, kuma washegari za ka share matattu cike da abin kwashe shara, ka ji kamar an gama. Iyakar kirkinsa ke nan. Maganin yana kashe waɗanda ke bakin rami ne, sarauniya kuwa tana can tsakiyar saƙa, kuma 'ya'yan da aka rufe da kaki ba ya isa gare su. Daga ƙwai zuwa ƙudan da ya girma kusan sati uku ne, waɗanda aka riga aka rufe kuwa sun kusa fitowa, shi ya sa bayan sati ɗaya ko biyu sai a sake jin gunji, a ce maganin jabu ne, alhali ba laifinsa ba ne.

In ma an yi sa'a duk sun mutu, matsalar da ta fi tana sama. Zuma su ne ke fifita saƙarsu da fukafukai, suna riƙe zafin wurin 'ya'ya a kusan digiri 35. Da sun mutu ba mai fifita. A zafin Maris da Afrilu, ƙarƙashin kwano, kakin sai ya yi laushi ya ɓalle, zumar ta jiƙa silin ta yi tabo, ta fara ɗiga. 'Ya'yan su ruɓe su yi wari, tururuwa da kyankyaso da ɓera su samu gida. Ƙanshin tsohuwar saƙa kuma shi ke kiran wani gungun ya zo ya tare a wurin. Zumar da aka fesa wa magani guba ce, ba ta shaye ko da a shayi. Fiya-fiya da Sniper sinadarinsu ɗaya, mai ƙarfi ne ƙwarai, kuma tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni. Abin da ake irin wannan kaffa-kaffa da shi ba a zuba shi saman kan yara masu barci ba.

Shi kuwa mai amya, in na gaske ne, aikinsa abin kallo ne. Da rana zai zo ya kara kunne a silin, ya bi shi da tafin hannu har ya ji inda ke da ɗumi, ya yi alama. Nan saƙar take, kuma sau da yawa ba daidai bakin ramin ba ce, tana iya nisa da shi taku biyu ko uku. Aikin kansa sai bayan magariba, lokacin da masu zuwa fure duk sun dawo. Zai sa a kashe fitilun gidan, ya rufe tocila da jan ƙyalle, don zuma ba sa ganin jan haske, farin kuwa kansa suke afkawa. Hayaƙinsa na busasshen kashin shanu ne ko buhun gwado, mai sanyi, kaɗan-kaɗan. Hayaƙin yana sa su duƙufa kan zuma su cika ciki, yana kuma rufe warin da suke fitarwa na kiran faɗa, wanda ke kama da ƙanshin ayaba.

Daga nan ya ɗage fallen silin ɗaya, ya riƙa yanko saƙa da wuƙa ɗaya bayan ɗaya. Mai zuma ta shiga bokiti mai murfi. Mai 'ya'ya, wadda ta fi duhu, ya ɗaure ta da zare a jikin sandunan amyarsa, yadda take a tsaye ba a kife ba. Ƙudan ya kwashe su da ƙwarya ya zuba. Alamar an samu sarauniya ita ce ka ga sauran sun jeru suna tururuwar shiga amyar da kansu, wasu sun tsaya a baki sun ɗaga gindi suna kaɗa fukafukai. In suka ci gaba da dunƙulewa a wani lungu na rufin, tana can, aiki bai ƙare ba. Amyar kuma dole a kai ta nesa, kilomita biyar ya fi kwanciyar hankali, in ba haka ba da safe masu zuwa fure za su dawo tsohon gida.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da 'yan cin zuma masu kiran kansu masu kiwo. Zai zo da damin kara a kunne, ya babbaka su, ya kwashe mai zumar, ya bar maka 'ya'ya da sarauniya, ya karɓi kuɗin aiki. Wuta a tsakanin katakon rufi da wayar lantarki, ba sai an faɗa maka ƙarshenta ba. Akwai kuma mai yin feshi a ɓoye, ya tace zumar ya kai kasuwa. Wanda ya zo ba amya, ba rigar kariya, ba abin hayaƙi, sallame shi tun daga ƙofa. Ku yi ciniki kafin ya hau tsani, a faɗi wa zai ɗauki zumar, wa zai gyara silin, kuma ka riƙe wani abu daga kuɗin sai an kwana uku ba motsi. Malaman gona na ƙaramar hukuma da masu sayar da zuma na asali a kasuwa sun san masu kiwo na gaske.

Kafin ya zo, kada ka toshe ramin. In ka toshe, za su nemi wata hanya, kuma mafi kusa ita ce ta gefen fanka ko ƙwan fitila zuwa cikin ɗakin. Ka toshe waɗannan na cikin da tsumma, ka kwashe yaran daga ɗakin, a matsar da injin janareta da awakin da ke ɗaure, don zumar ƙasarmu masifaffiya ce, ƙara da girgiza suna tunzura ta, dabbar da ke turke kuwa ba ta da wurin gudu. Ranar aikin a sanar da maƙwabta.

In an harbi wani, a kankare ƙarin da farce nan take, a wanke, a ɗora ƙanƙara. Kumburin wurin harbi ba komai ba ne. Amma kumburin leɓe ko harshe, sarƙewar numfashi, jiri, ko harbi da yawa a jikin yaro, asibiti ne a guje, ba jiran safiya.

Bayan an kwashe, a kankare sauran kakin daga katako tas, a wanke wurin da ruwan zafi da omo. A bar ramin kwana biyu don ragowar su watse, sannan a cika shi da siminti, wuraren shan iska kuma a buga musu ragar ƙarfe irin ta sauro. A zagaya bakin kwanon gaba ɗaya da tsani, duk kafar da fensir zai shiga a toshe ta.