Shagon da nake sayen taki a Kura

Damina uku ke nan ina sayen taki a wani shago da ke bakin titin Zariya a Kura, ba zan kama suna ba kar a ce biyana aka yi. Abin da ya riƙe ni a wajen Alhajin nan shi ne ba ya tsoron ka gwada kayansa. Akwai sikeli a ƙofa, ka ɗora buhu da hannunka ka ga kilo 50 cif, sannan in uriya ce ya sa yaro ya kawo kofin ruwa ka zuba kaɗan ka juya, ta narke tas babu yashi a ƙasa. Duk wanda aka taɓa yi wa algus ya san darajar wannan. Yana ajiye uriyar Indorama da ta Dangote, da kamfa, kuma mai ƙaramin ƙarfi yana auna masa a tiya ba wulaƙanci.

To amma akwai ƙorafi. Farashinsa yakan ɗan ɗara na cikin kasuwa, POS ɗinsa kullum ba sabis, sannan babban abin haushin, kaya na yanke masa a tsakiyar damina daidai lokacin da masara ke neman zubi na biyu. Bara sai da na yi sawu biyu a banza. Na ce Alhaji wai me ya sa ba ka cika sito tun kafin ruwa ya sauka? Ya yi dariya ya ce, ɗana, takin gwamnati nake tsoro.

Da farko na ɗauka wasa yake, ashe gaskiya ce. Da an sanar a rediyo za a raba taki mai rangwame sai kowa ya riƙe kuɗinsa yana jira, nasa kayan su kwanta, shi kuma da kuɗin mutane ya saro. Takin ba ya isowa da wuri, in ya iso kuma rabinsa a hannun waɗanda ko fatanya ba su taɓa riƙewa ba, sai ka ga buhunan a kasuwa ana karyar da su ƙasa da yadda shi ya saro daga kamfani, to ta yaya zai yi gogayya da wanda ya samu a ɓagas? Shi ya sa yanzu kaɗan-kaɗan yake ɗaukowa, ga kuɗin mota da ya haura tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023.

Ni fa ba na cikin masu cewa tallafi duk sharri ne. Lokacin Adesina yana ministan gona, wajen 2012, saƙo ake turo wa manomi a waya ya je wajen dillali ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi, wato ta hannun masu shago abin ke bi, ciniki ya buɗe musu, duk da dai da yawansu sun sha jiran kuɗinsu. Haka zamanin Buhari da aka yi yarjejeniya da Maroko aka riƙa haɗa kamfa a gida buhu naira 5,500, wannan ma mun gani a ƙasa. Wanda ke kashe irin su Alhaji shi ne na rabo, a jibge tirela a sakatariya a ce sai mai fom.

Bashi kuwa kar ma ka fara, ya daina bayarwa, ya ce littafinsa ya cika da sunayen waɗanda suka ce sai kaka. Bana tun watan Mayu na je da tsabar kuɗi na ɗauki buhu huɗu na kai ɗaki, har ya ƙara min da ledar rufewa saboda raɓa.