Duba lafiyar matan da al'ada ta ɗauke musu a wani asibiti mai zaman kansa a Kaduna

Abin da ya sa nake ba mata shawarar zuwa wannan sashe shi ne likitar da ke kula da shi ba ta raba maganar ƙashi da maganar hawan jini da suga. Na raka yayata, wadda al'ada ta ɗauke mata, kuma take fama da ciwon baya da muka daɗe muna ɗora wa gajiya.

An fara da awon ƙugu da hawan jini, sannan aka ɗebi jini kafin ta karya kumallo. Likitar ta bayyana mana cewa abubuwa biyar ake dubawa: ƙugun mace da ya kai santimita 80, hawan jini daga 130/85, suga daga 100, yawan maiƙo a jini, da ƙarancin kolestarol mai amfani. Idan uku suka haɗu, akwai matsala, ko da mace ba ta jin ciwon komai. Raguwar istirojin, sinadarin jikin mata, bayan ɗaukewar al'ada tana tara kitse a ciki, tana kuma gaggauta zaizayar ƙashi.

Bayanin da ya fi amfanar mu shi ne na masu ciwon suga. Ta ce: "Hajiya, kada ƙiba ta yaudare ki, mai suga tana iya karyewa ko da awo ya nuna ƙashinta na da kauri." Ta tambayi magungunan da yayata ke sha, domin wasu, irin su pioglitazone na ciwon suga, suna ƙara haɗarin karaya. Ta kuma yi maganar kindirmo, zogale, riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu, tare da tafiyar ƙafa da shan hantsi saboda bitamin D, wanda matan da ke wuni cikin ɗaka kan rasa.

Inda ban gamsu ba shi ne awon ƙashin kansa. Na'urar da suke da ita ta duba diddige ce, wadda alama kawai take bayarwa. Ana tabbatar da cutar zaizayar ƙashi ne da na'urar DEXA, mai auna kaurin ƙashi, a kwankwaso da ƙashin baya, inda maki -2.5 ko ƙasa da haka ke nuna ta, bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1994. Ya kamata a faɗa wa mutane wannan tun a wurin biyan kuɗi, ba sai sun shiga ofishin likita ba.

Layin ɗibar jini yana da tsawo, saboda haka mai ciwon suga ta yi sammako, ta kuma taho da abin karyawa.