Fostoria ko Rochelle: Ina Za Ka Kai Yaran Kallon Jiragen Kaya?

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Tun shekaranjiya na ga tambayarka, aiki ne ya hana ni zama in amsa ta yadda ta kamata. Ka ce kana zaune a Indiyanapolis, Asabar ɗaya ce da kai a watan gobe, yaranka biyu sun ƙwallafa rai sai sun ga jirgin kaya ido da ido, kai kuma abin da ya fi jan hankalinka shi ne jiragen da ake karkatarwa idan hanyarsu ta toshe. Ka ce a zaɓa maka tsakanin Rochelle ta jihar Ilinoi da Fostoria ta jihar Ohayo. Na je duka biyun, Fostoria kam har na daina ƙirga zuwana. Ni dai Fostoria zan ce maka, amma ka bi ni a hankali, domin akwai yanayin da zan ce ka juya kan mota ka nufi Rochelle.

Nisa ba zai raba gardamar ba. Kowanne tafiyar awa uku da rabi ce zuwa huɗu daga inda kake. Ribar Rochelle ita ce agogon Ilinoi yana bayan naku da awa ɗaya, kuma in ka bi ta Bloomington ta Ilinoi ka hau babbar hanya mai lamba 39, ba ruwanka da cunkoson Shikago.

Abin da ya raba su shi ne yadda ƙarafan suka kwanta. Mu da muka taso da sanin Kaduna ko Kafanchan, mahaɗa a wurinmu ita ce inda layi ɗaya ya yi rassa kamar bishiya, wannan ya nufi Kano, wancan ya nufi Fatakwal. A nan Amurka kamfanoni ne ke da layukan, kowa da nasa, saboda haka sau da yawa layin wani kan ratsa ta kan na wani a ƙasa ɗaya, ba gada ba rami. Wurin da ƙarfe ya gitta ƙarfe shi suke kira dayamon. Idan ƙafafun tarago suna bi ta kansa, ƙarar sak luguden mata a turmi, kuma tun daga nesa za ka ji ta a ƙirjinka.

A Rochelle, wadda ake furtawa Roshel, layi biyu ne suka gitta juna, kowanne tagwaye, shi ya ba da dayamon huɗu. Ɗaya na Union Pacific ne, tsohon layin Chicago and North Western da ta haɗiye a 1995, yana fita daga Shikago ya tsallake kogin Misisipi a garin Clinton ya ratsa Ayowa zuwa Nebraska. Ɗayan na BNSF ne, yana nufar arewa maso yamma, ya bi gaɓar Misisipi har Saint Paul, daga can kuma har tashoshin ruwan Seattle. Hukumar garin ta buɗe wurin kallo a 1998, da rumfa a kan tudu a tsakanin layukan biyu, da lasifika mai watso maganar direbobi da masu ba su hanya, da ɗan shago, da ƙananan kawunan jirgi na kamfanin Whitcomb da aka taɓa ƙerawa a garin an ajiye su yara na kallo. Kana zaune wuri ɗaya komai zai zo ya wuce ta gabanka: kwantena ɗaya bisa ɗaya, hatsi, tankokin mai, kwal daga Wyoming. Akwai ma wata tsohuwar al'ada da na so tun ganin farko. North Western ta hannun hagu take tafiyar da jiragenta, saɓanin yawancin kamfanonin ƙasar, kamar yadda motoci ke yi a Najeriya kafin a sauya hannu a 1972, kuma har yau za ka ga ragowar wannan a layin.

Sai dai jirgin Rochelle miƙewa yake yi. Wanda ya zo daga gabas yamma zai wuce, wanda ya zo daga yamma Shikago zai shiga. A gaban rumfar ba ka ganin jirgi ya bar layinsa ya hau wani.

Fostoria kuwa layi uku ne, kowanne tagwaye, sun gitta juna a kusurwa uku kamar duwatsun murhu, wurin kallon da aka buɗe a 2013 yana zaune a tsakiya inda tukunya za ta zauna. Biyu na CSX ne. Na farko tsohon layin Baltimore and Ohio da ke haɗa Shikago da gabas, wanda ya cika da jirage tun da aka raba kamfanin Conrail tsakanin CSX da Norfolk Southern a 1999. Na biyu tsohon layin Chesapeake and Ohio, daga Kolombus zuwa Toledo, hanyar da kwal ɗin West Virginia da Kentucky ke bi zuwa bakin tafkin Erie. Na ukun na Norfolk Southern ne, tsohon Nickel Plate, tsakanin Bellevue da Fort Wayne. Ban da dayamon da ke kowace kusurwa, akwai gajerun layuka masu lanƙwasa da ke haɗa wannan da wancan. Su ne sirrin wurin. Jirgi zai taso daga kudu, ka ɗauka Toledo za shi, sai ka ji ya rage gudu, ƙafafu na ƙugi, ya kwana ya fuskanci Shikago. Tsohuwar hasumiyar da suke kira F tana nan tsaye a kusurwa ɗaya, duk da yanzu daga nesa ake ba da hanya. Ga kuma manyan filayen haɗa taragu kewaye da garin: Willard da Bellevue ta gabas, da tashar kwantena ta North Baltimore da CSX ta buɗe a 2011 ta yamma. Duk abin da ya dagule a ɗaya daga cikinsu, a Fostoria ake ganin alamarsa.

To mu zo kan karkatarwa, tunda ita ce ainihin tambayarka. Abin da ya sa take yiwuwa a ƙasar nan shi ne faɗin layin kowa ɗaya ne, milimita 1,435. A gida jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 yana kan wannan faɗin, tsohon layin Legas zuwa Kano kuma milimita 1,067 ne, don haka ko ɗaya ya toshe, ɗayan ba zai iya ɗaukar jirginsa ba. A nan kuwa taragon kowa na iya hawa layin kowa, kuma kamfanonin suna da yarjejeniya a tsakaninsu ta aron hanya idan larura ta taso, a biya daga baya.

A arewacin Ohayo hanyoyin da ke haɗa Shikago da gabas a jere suke, kusa da kusa. Babban layin Norfolk Southern yana bi ta Toledo, kimanin mil 40 arewa da Fostoria. Idan ya toshe, Nickel Plate ita ce maƙwabciya mafi kusa kuma ta gida, ba sai an roƙi kowa ba. Haka CSX, da layinta biyu da lanƙwasoshin da ke tsakaninsu, tana iya juya jirgi ta Toledo ko ta Kolombus ba tare da ta fita daga gonarta ba. Irin wannan ƙaramar karkatarwa ta cikin gida, saboda gyaran layi ko cunkoso ko lalacewar inji a hanya, ita ce ta fi yawa nesa ba kusa ba, kuma Fostoria na kan hanyarta. Shi ya sa na ce in sa'a kake nema a rana ɗaya, ƙofofinta sun fi yawa a can.

Rochelle tata karkatarwar ba ta cika zuwa ba, amma in ta zo babba ce, kuma sau da yawa ruwa ne ke kawo ta. Idan ƙanƙara ta narke a bazara Misisipi da rassansa suka cika suka batse, layukan da ke gaɓa sai su nutse. Jirgin fasinja ba ya bi ta Rochelle a ƙa'ida, amma ya sha faruwa a ga jirgin Amtrak mai zuwa Kalifoniya ya ratso ta layin Union Pacific saboda hanyarsa ta Burlington, wani gari a gaɓar Misisipi a Ayowa, a rufe take. Ranar da aka yi haka rumfar ba ta ɗaukar mutane. Amma ka san ruwan da ke kawo jirage shi ne kuma ke ɗauke su. A watan Maris na 2019 ambaliya ta wanke layukan Union Pacific da BNSF a Nebraska da yammacin Ayowa. Layin da ya yanke a can shi ne wanda ke ciyar da Rochelle, don haka a irin wannan lokaci mutum na iya tuƙin awa huɗu ya tarar jiragen da ya zo gani an bi da su ta wata jiha.

Wani abu da yake damuna, kuma ina so ka faɗa wa yaran: babbar karkatarwa kusan kullum daga asarar wasu take fitowa. A ranar 3 ga Fabrairun 2023 jirgi ya kauce a East Palestine, a gabashin Ohayo, aka kwashe mutane daga gidajensu saboda guba. A Maris na 2024 gadar Baltimo ta rufta da ma'aikata a kanta, tashar ruwan ta rufe, kwal ya koma neman tashoshin Bajiniya. A Satumban 2024 guguwar Helene ta cinye layin CSX a tsaunukan Karolina ta Arewa da Tennessee tare da rayuka da gidaje. Duk sun sauya wa jirage hanya. In Allah ya sa kun ga baƙon jirgi, a tuna da waɗanda abin ya shafa, a yi musu addu'a.

Yadda za ka gane baƙon jirgi kuma, kada launi ya yaudare ka. Union Pacific ruwan ɗorawa ne da toka-toka, BNSF ruwan lemo, CSX shuɗi mai duhu da ruwan ɗorawa, Norfolk Southern baƙi da farin doki a goshi. Sabon mai kallo da ya hango kan jirgi ruwan lemo a Ohayo sai ya ce an karkatar. Ba lallai ba ne. Kamfanonin suna ba juna aron kan jirgi kullum, suna lissafin bashin da awannin aiki, don haka injin BNSF na iya jan kaya har bakin tekun Atlantika ba tare da komai ya faru ba. Alamar gaskiya ita ce kaya da ba na wannan layin ba, ko lambar jirgi da ba a saba ji a rediyo ba, ko ɗan jagora. Doka ba ta yarda direba ya tuƙa a layin da bai ƙware da shi ba, sai an haɗa shi da ma'aikacin da ya san kowace sigina da kowane gangare. Wata Asabar a Fostoria na ga dogon jirgin kwantena ya tsaya cak kafin dayamon, wata farar mota ta sauke wani dattijo da jakarsa, ya hau kan jirgin. Na ɗauka canjin ma'aikata ne kawai, sai wani tsohon ma'aikacin layin dogo da ke kusa da ni ya miƙo min rediyonsa, muka ji mai ba da hanya yana karanta musu umarni sannu a hankali, direban na maimaitawa kalma bayan kalma. Mun fi minti arba'in muna jira kafin ya motsa. Awa 12 ce iyakar aikin direba a doka, kuma doguwar hanya na cinye ta, shi ya sa jirgin da aka karkatar ya fi kowa yawan tsayuwa.

Batun yawan jirage, za ka ga ana rubuta sama da 80 a rana a Rochelle, sama da 100 a Fostoria. Tsofaffin alƙaluma ne, kada ka yi wa yara alkawari da su. Kwal ya ragu, Union Pacific ta dakatar da aikin babbar tashar kwantenarta ta Rochelle a 2019, kuma kamfanonin duka sun koma haɗa jirage biyu su zama ɗaya mai tsawon kilomita uku ko fiye, da inji a tsakiya ko a wutsiya. Za a iya yin awa guda shiru, sannan uku su zo a jere.

Ga inda Rochelle ta fi: in ƙaramin yaronka bai kai shekara shida ba, ko in an yi hasashen ruwa, can ya fi sauƙi, domin komai a gabansa yake kuma akwai abin da zai shagaltar da shi tsakanin jirgi da jirgi. Fostoria fili ne buɗaɗɗe, iska na kaɗawa sosai, jirgi na iya ɓullowa ta fuska shida, wani ma a can nesa za ka hango shi. Yaron da ya kai ya riƙe taswira ya yi ta cankar inda jirgi zai kwana, shi zai more ta.

Duk inda ka zaɓa, ku tsaya cikin wurin kallon. Taka layin dogo laifi ne a dokar ƙasar nan, kuma ni da kai mun san yadda ake kallon baƙin mutum mai kyamara a gefen layi. A cikin rumfar ba wanda zai tambaye ka dalili, an gina ta ne don haka. Duka biyun suna da banɗaki da wurin ajiye mota, ga ciyawa inda za ka shimfiɗa darduma. Ka riƙo abincinku daga gida, da rigunan sanyi, da abin toshe kunne na yara. Akwai kyamarori da ke nuna wuraren biyu kai tsaye a intanet. Ka leƙa su daren Juma'a ka kuma duba labarin ambaliya. In ka ji Misisipi ya rufe layin Burlington alhali na Clinton a buɗe yake, to ka nufi Rochelle. In ba haka ba, ku yi sallar asuba ku kama hanyar Fostoria, ku isa kafin ƙarfe goma.