Jan Ruwan Inabi Mai Araha: Kwalabe Uku Masu Kama da Juna, Wacce Ta Dace da Abinci?

Sunan "ruwan inabi" ya haɗa abubuwa uku daban-daban, kuma sau da yawa a kwalba iri ɗaya ake zuba su, mai duhu, mai dogon wuya, mai cin mililita 750. Don haka kafin a kai ga ɗanɗano, a juya bayan kwalba a nemi lambobi biyu: yawan barasa da yawan sukari. Waɗannan sun fi farashi faɗin gaskiya.

Na farko shi ne wanda ya tsimu. An matse jan inabi an bar shi da ɓawonsa, yisti ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa, galibi kashi 12 zuwa 14.5 cikin ɗari. Marar zaƙin cikinsu yawanci bai wuce giram 4 na sukari a lita ba, amma masu araha da yawa ana ƙara musu zaƙi don rufe aibinsu.

Na biyu ya tsimu kamar na farko, daga baya aka cire barasar. Wani Bajamushe, Carl Jung, ya yi rajistar dabarar a 1908: a zuƙe iskar tukunya, sai barasa ta tashi a zafin wajen digiri 30, ba tare da an dafa ƙamshin ba. A dokar Tarayyar Turai ta 2021, ba a kiransa cirarren barasa sai ragowar ba ta wuce kashi 0.5 ba. Mai ɗauke da "0.0" ya fi haka ƙasa. Wanda ke gudun barasa ɗungurungum ya san cewa wannan ya taɓa zama giya kafin a tace shi.

Na uku matsattsen inabi ne kawai, an ɗumama shi don kada ya tsimu, kamar yadda Thomas Welch ya fara a Amurka a 1869. Wani lokaci a sa masa gas. Sukarinsa yana kaiwa giram 15 ko fiye a kowane mililita 100, wato kofi ɗaya yana ɗauke da kusan cokalin shayi bakwai. Da abinci mai gishiri shi ne mafi rashin dacewa, yana dakushe harshe tun loma ta uku. In shi za a sha, a surka shi rabi da rabi da ruwan soda mai sanyi.

Abin da ke sa jan inabi ya zauna da abinci abu biyu ne, tsami da ɓauri. Tsami yana tsinko yawu ya wanke maiƙo. Ɓauri kuwa daga ɓawo da 'ya'yan inabin yake fitowa, shi ne bushewar nan da ake ji a dasashi, irin ta baƙin shayin da ya daɗe a wuta. Kitse da gishiri suna lausasa shi, yaji yana tsananta shi. Shi ya sa ruwan nau'in inabin da ake kira Cabernet Sauvignon, mai ɓauri sosai, yake daɗi da gasasshen nama mai kitse, amma ya koma ɗaci zalla da abinci mai barkono, musamman in barasarsa ta kai kashi 14, domin zafi kan zafi ne. Ga miyar tumatir ana son mai tsami, kamar na nau'in inabin Sangiovese na Italiya. Marar tsami sai ya yi lami a gefenta. Nau'o'in Merlot da Garnacha na Sifen suna da taushi, su ne suka fi yafiya idan ba a san abin da za a ci ba. A farashi mai sauƙi, gara a ɗauki waɗannan masu taushin, domin ɓaurin mai araha sau da yawa kaushi ne kawai.

Sunan inabin yana aiki ga cirarren barasa ma, sai dai shi matsalarsa rashin jiki. Barasa ce ke ba ruwan nauyi a baki, in ta tafi sai ya zama tsararo, masu yi kuma su cike gurbin da sukari. A nemi wanda bai wuce giram 3 ko 4 a mililita 100 ba.

A duba shekarar da aka rubuta a jiki. Mai araha ba a yi shi don ajiya ba, wanda ya wuce shekara uku da girbi ya fara gajiya. Murfin murɗawa ba alamar ƙasƙanci ba ce, ya ma kuɓuta daga cutar matoshin ɓawon itace, mai sa ruwan wari. Kwalbar da ta sha rana, ko matoshinta ya turo, ko aka ga danƙo ya zubo a wuyanta, a bar ta.

Wajen ɗanɗanawa, a sa kwalbar a firiji minti 20 zuwa 30, ta sauko digiri 14 zuwa 16. Da ɗumi barasa da zaƙi ne ke fitowa gaba, da sanyi ƙwarai ɓauri ke yin kaifi. A zuba kashi ɗaya cikin uku na kofin gilashi, a karkata shi kan farin abu. Ja mai haske ko mai ruwan shunayya lafiya ne. In ya koma ruwan ƙasa alhali sabo ne, iska ta shige shi. A juya kofin a shinshina. Warin jiƙaƙƙen kwali daga matoshi ne, kuma ba ya fita. Warin ruwan kal yana nufin ya lalace. Warin ashana da aka ƙyasta kan tafi bayan minti goma a kofi. Sannan a kurɓa sau ɗaya baki wayam, a ci loma, a sake kurɓa. Kurɓa ta biyu ita ce hukunci: in baki ya wanku, ana marmarin wata lomar, kwalbar ta yi aikinta.

Bayan buɗewa a rufe a mayar firiji. Mai barasa yana kai kwana uku zuwa biyar. Cirarren barasa ba shi da wannan kariyar, a shanye shi cikin kwana biyu ko uku, in kuma aka ji ya fara tsatstsafo da gas ɗin da babu shi da farko, yisti ne ya koma aiki, a zubar.