Matse bayanai ko buɗe hanya ta biyu: wanne ya fi a layin ISDN?

Ɗan'uwa mai shirin jarrabawar sadarwa, ka tambaya wanne ya fi ƙara gudu a layin ISDN (tsohon layin waya na dijital da ke ɗaukar murya da bayanai), matse bayanai, wato rage girmansu kafin a tura, ko haɗa hanyoyin layin guda biyu. Ya danganta da irin kayan da ake turawa, da kuma aljihun mai biyan kuɗin waya.

Layin ISDN na gida yana da hanyoyi biyu da ake kira B, kowacce na ɗaukar kilobit 64 a sakan ɗaya, sai ƙaramar hanya D mai kilobit 16 da ke kula da buga lamba da katse kira. Kilobit 64 kilobayit 8 ke nan, don haka fayil mai megabayit ɗaya zai ci minti 2 da 'yan sakanni.

In ka haɗa hanyoyin biyu da Multilink PPP, tsarin da ke mayar da su kamar hanya ɗaya, ka samu kilobit 128, fayil ɗin nan ya sauka a kusan minti ɗaya. Wannan babu ko shakka, hoto ne ko rubutu ko waƙa, duk ɗaya. Sai dai kowace hanya kira ce mai zaman kanta. A ƙasashe irin Jamus, inda ISDN ya yi kasuwa a da, lokacin da ake cajin kira da minti, kuɗin kowane minti ninkawa ya riƙa yi. Kuma mai neman gidan a waya ba zai samu shiga ba sai na'urar ta saki hanya ɗaya.

Matsewa kuwa ba ta ƙara maka ko sisi, amma ba ta yi maka alkawarin komai ba. Na'urarka da ta kamfanin intanet za su fara daidaitawa ta CCP, ƙa'idar sasanta matsewa, kan salon da za su bi, galibi LZS na kamfanin Stac ko MPPC na Microsoft. Dukansu jikokin dabarar da Lempel da Ziv suka fitar ne a 1977: na'ura tana riƙe abin da ta tura kwanan nan, kilobayit 2 a LZS, 8 a MPPC, in ta ga wani jerin haruffa ya maimaitu sai ta ce wa ɗaya ɓangaren "koma baya kaza, kwafo kaza" maimakon ta sake turo shi. Wasiƙun imel da shafukan HTML cike suke da maimaici, shi ya sa sukan ragu zuwa rabi ko ma ƙasa da haka, hanya ɗaya ta yi aikin biyu. Amma ZIP da JPEG da MP3 an riga an matse su tun daga tushe. Buhun auduga ka danna ya lotsa, buhun tsakuwa kuwa sai dai ka gaji. Har ila yau, in kunshin bayani ɗaya ya ɓace a hanya, abin da ɓangarorin biyu suka riƙe ya saɓa, dole su share su fara daga farko. In kuma salon da kake da shi ba shi kamfanin ke da shi ba, layin zai haɗu lafiya lau, matsewa ce kawai ba za ta yi ba, kai kuma ba ka sani ba.

Ni dai in ofis ne mai yawan wasiƙu da takardu, matsewa zan kunna in bar hanya ta biyu ta riƙa buɗewa da kanta sai kaya sun yi nauyi. Ai ba kishiyoyi ba ne, ana haɗa su. Mai sauke hotuna da manhajoji kuma ya shirya biyan kira biyu kawai.

Ka lura da wani abu don jarrabawarka: bayanan da aka kulle da sirri ba sa matsuwa, domin kullewar tana shafe maimaicin. Tunda yawancin shafuka yanzu HTTPS ne, wato a kulle suke zuwa, matsewa a kan layi ta rasa abin yi, sai ta koma can wajen sabar shafin, wato kwamfutar da ke ɗauke da shi, inda salon gzip ko Brotli ke matse shi kafin a kulle.