Great Circle Mapper: auna nisan Katsina zuwa Jidda

Ga maniyyatan Katsina, shafin Great Circle Mapper yana da amfani, kuma kyauta ne. Ka rubuta DKA-JED, wato filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua zuwa na Jidda, nan take taswira ta fito: kusan mil 2,200, kimanin kilomita 3,500. Da mil yake fara ba da amsa, sai ka canza da kanka.

Inda gizo ke saƙar, gajeriyar hanya kawai yake aunawa, wadda ta ratsa Nijar da Chadi da Sudan. Da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazai suka koma zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo. Awannin tafiya kam, a tikitinka za ka duba.